Rulmar da Ban Wanke Ba

Ku ajiye kile ku matso, aikin ba zai gudu ba. Na daɗe ina kallonku, kun ɗauka sana'ar nan kwancewa ce da ɗaurewa, a fasa kwali a zaro piyas, sabon ƙarfen inji, a sa, a tada inji a sallami mutum. Wannan kam ko wa aka nuna wa, wata guda ya ishe shi. Abin da ya ci mini shekaru shi ne sanin ƙarfen da ke hannuna, ko na kirki ne ko jabu, tun kafin ya shiga cikin injin wani.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa mahaifina ya kawo ni Dakoro daga ƙauyenmu na wajen Birnin Lalle. Gonar geronmu ba ta isar mu duka, sai ya damƙa ni ga Baba Sanda a matsayin aparanti, yaron koyon aiki. Baba Sanda tsohon soja ne, a can ya koyi gyaran mota, ya dawo gida da ɗingishi da wani koren akwatin katako. Garajinsa rumfar zana ce kawai a gindin aduwa, yamma da kasuwa. A cikin akwatin akwai kile goma sha biyu na kwance noti, kowanne da gurbinsa, da guduma biyu, da magagari, da awartaki, da wani dogon turnabis na kwance sukuru mai ƙotar itace wadda hannunsa ya goge har tana sheƙi. In magariba ta yi aka ga gurbi ɗaya ba kome, ba mai tashi sai an nemo. Ban ƙara ganin kile irin waɗannan ba. Ka ɗauki ɗaya ka ji ya zauna maka a hannu, ka ja da iyakar ƙarfinka bakinsa ba zai buɗe ba.

Shekarata ta farko ban ɗaure ko noti ɗaya ba. Tasa ya ba ni da kananzir da tsumma, duk ƙarfen da aka kwance ni ke wanke shi. Na gaji, wata rana na ce, "Maigida, yaushe zan fara aiki?"

Ya ce, "Wanga da kake yi mi ne ne? Ƙarfe mai dauɗa ba ya faɗin gaskiya, Lawali. Wanke shi, ka dube shi, sannan ka san da wa kake magana."

Aikin da na fara gane abin da yake nufi na wata kamiyon ne, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Ranar kasuwar Kornaka ce, direban ya shigo da sassafe, ƙusoshin da ke riƙe tayarsa ta baya biyu sun karye. Ya zo da sababbi a aljihu, ya sayo su a hanya, suna ta ƙyalli. Baba Sanda ya karɓi ɗaya ya jinjina shi a tafin hannu. Ya ɗauko magagari ya goga a kan tsohon da ya karye, magagari ya zame yana ƙara siririya, ko alama bai bari ba. Ya goga a kan sabon, sai ga shi yana ci kamar ana kankare rogo, garin ƙarfe na zuba.

Ya ce wa direban, "Wanga ƙarfen ƙofa ne aka yi wa zare. Ba ni sa shi."

Direban ya ce, "Haba Baba, Kornaka ce kawai, in na dawo a sake."

"Mutum nawa za su hau bisa buhunan?"

Baba Sanda ya ɗora sababbin ƙusoshin bisa maƙera ya lanƙwasa su da guduma ɗaya bayan ɗaya, a gaban mai su, ya jefa cikin wata tsohuwar ganga da ke bayan rumfa. Mutumin ya yi ta faɗa har jama'a suka taru. Maigida ya tura ni na kwanto ƙusoshi daga wata matacciyar mota da ke bayan garaji, tsofaffi amma na asali, muka sa masa ya tafi. Daga baya na tambaye shi don me bai mayar wa mutumin kayansa ba. Ya ce in ya mayar masa, gobe za su shiga tayar wani a wani garajin.

Ku sani, kafin lokacin piyas hanya ɗaya take biyowa, daga manyan kantunan Turawa na Maradi. Da aka samu mulkin kai motoci suka ƙaru, injinan niƙa suka shigo garuruwa, kantunan nan kuma kayansu suka ja baya. Sai piyas ta fara zuwa ta hannu da yawa, wannan ya saya wurin wancan, ba wanda ya san mafarinta. Wasu ƴan dabara a manyan birane suka gane kwali ya fi abin da ke cikinsa daraja. Su tsinci tsohuwar piyas da aka yar, su goge ta har ta yi haske, su cika ta da giris mai kauri, su naɗe a takardar mai, su sa a kwalin asali. A Dakoro mai kawo mana kaya shi ne Alhaji Ila, ɗan kasuwar hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Maradi da Najeriya. Mutumin kirki ne, ko mudu ba ya tauyewa. Sai dai shi gero ya sani, ƙarfe kuwa lambar jikin kwali kawai yake dubawa.

Abin da aka fi yi wa wannan ha'inci shi ne rulma, zoben ƙarfen nan mai ƴan ƙwallaye a ciki wanda sandar inji ke juyawa a kansa. Giris yana ɓoye duk ciwon da ke jikinta. Saboda haka dokar garajinmu, ko daga hannun wa rulma ta fito, sai an wanke ta tas da kananzir. Ka sa yatsu biyu a cikinta, ka girgiza ka ji ko tana wasa. Sannan ka kai ta kusa da kunne ka juya. Ta kirki sautinta ɗaya ne, santsi, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Wadda ta ci aiki za ka ji ƙaras-ƙaras, kamar tsakuwa a cikin tuwo. Baba Sanda yakan rufe ido in yana saurare, har bakinsa ya ɗan buɗe. Ni ma na iya, na rantse na iya, tun ban cika shekara uku a wurinsa ba.

A cikin dukan ayyukanmu ba wanda nake so kamar na foraj. Can arewa, bayan Bader Gula, gwamnati ta haƙa wata rijiya mai zurfi da inji, aka kafa mata inji mai shan man gazuwal da ke jawo ruwa zuwa wani babban tanki, daga nan ya gangara cikin dogayen kwamin siminti. Makaniken ma'aikatar ruwa a Maradi yake zaune, don haka in abu ya samu mu ake kira. Ku da ba ku ga wurin nan a zamaninsa ba, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Tun daga nesa za ka fara jin bugun injin, dum, dum, dum, kafin ka hango ƙahoni. Jajayen shanun Fulani masu dogon ƙaho, garke bayan garke, kowane yana jiran layinsa ba mai shiga na wani. Raƙuman Buzaye a gefe guda sun durƙusa. Mata na kawo mana nono a ƙwarya har mu rasa inda za mu sa shi. A nan na san Ardo Jodi, wani dogon dattijo mai garke mafi kyau a wurin. Kullum muka zo sai ya tsuguna a ƙofar ɗakin injin da sandarsa a kafaɗa yana kallon hannunmu. Yakan ce mu ma makiyaya ne, sai dai saniyarmu guda ce kuma baƙa.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi ruwa sau biyu ta ɗauke, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Kafin tsakiyar rani ƙananan rijiyoyin daji duk sun ƙafe, dabbobin ƙasar nan kaf suka tattaru a foraj. Injin da aka saba kashewa da azahar ya koma aiki daga asuba har faɗuwar rana. A lokacin na yi aure, garajin kusan a hannuna yake, don yanar ido ta rufe wa Baba Sanda gani, ba ya fita sai an ja shi masallaci.

Ran nan da hantsi wani Buzu ya iso a kan raƙumi ya ce inji ya tsaya tun jiya. Motar ma'aikatar ruwa ta ɗauke ni muka tafi. Ban taɓa jin kukan shanu irin na ranar ba, sun kewaye kwamin da ba kome a ciki suna lasar siminti. Na buɗe injin na ga rulmar babbar sanda ta watse. Sandar kanta lafiya lau. Muka juyo Dakoro, aka buga waya Maradi, suka ce ba su da irinta, sai an aiko daga babban birni, a ba su kamar mako biyu.

Na nufi shagon Alhaji Ila da lambar a rubuce a tafin hannuna. Ya shiga ciki ya fito da kwali, lamba ta yi daidai. Na buɗe, takardar mai a naɗe da kyau, giris rawaya cike har baki. Direban ma'aikatar yana waje yana ta danna oda, yana cewa in ba mu kama hanya yanzu ba yashi zai riƙe mu. Garajinmu bai fi tafiyar minti biyar ba, tasar kananzir na nan a inda na bar ta. Gidan Baba Sanda kuwa ga shi nan bayan masallaci, ina hango ƙofarsa. Na tuna girisinmu ya kusa ƙarewa, in na wanke wannan da me zan sake cika ta? Na juya ta da yatsa a cikin girisinta, na ji santsi. Na mayar cikin kwali na hau mota.

Washegari kafin rana ta yi zafi na gama ɗaurawa. Na ja hannun tayarwa, inji ya yi tari biyu ya kama. Da ruwa ya fara zuba cikin kwami sai da maza suka sa sanduna suna tare shanu kada su tattake juna. Ina wanke hannu Ardo Jodi ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya rame, haƙarƙarin shanunsa kuwa ana iya ƙirgawa. Ya ce ya riga ya ɗaure kaya, niyyarsa ya yi kudu a ranar, akwai wata tsohuwar rijiya tafiyar kwana uku wadda aka ce tana da sauran ruwa, kuma yanzu shanun na da ɗan ƙarfin da za su kai.

Ya ce, "Makanike, kai ka ga cikinta. In tsaya ko in tahi?"

Na ce, "Tsaya, Baba Ardo. Sabuwa ce hul na sa, daga cikin kwalinta. Wanga inji sai ya kai ku damina."

Ya dube ni ya gyaɗa kai, ya je ya ce a kwance kaya. Wasu da suka ga ya tsaya su ma suka tsaya.

Kwana shida rulmar ta yi. Rana ta bakwai ta kama da zafi, ta narke a jikin sandar, sandar ta murɗe, ta fasa gidan da rulmar ke zama. Gyaran da zai jira rulma kawai ya koma sai an nemo sanda da gida, abin da ko a Maradi babu. A cikin kwana shidan nan ɗan haki da ya rage kewaye da foraj ya ƙare, dabbobi sun ƙara laushi. Da na isa na tarar mutane na ta kama hanyar kudu a cikin tsakar rana. Ardo Jodi ya riga ya wuce.

Na ɓanɓaro abin da ya saura na rulmar na kai wa Baba Sanda. Yana zaune bisa tabarma a zaurensa. Na faɗa masa yadda aka yi, na sa masa gutsattsarin a hannu. Ya yi ta shafa su da babban yatsa, ya tsaya a kan wani ɓangare na zoben waje inda wuta ba ta ci ba.

Ya ce, "Ka ji nan? Wanga kwarin ba na kwana shida ba ne. Ta yi shekaru tana aiki a wani wuri, aka goge ta." Ya ɗago kai wajen da yake jin numfashina. "Ka wanke ta?"

Na ce, "Ban wanke ba, Maigida."

"Kananzir ya ƙare?"

"Akwai."

Na so ya zage ni, ko ya ɗauki sandarsa ya buga mini, bai yi ba. Can ya ce, "Miƙo mini takalmana. Ka ɗauko tasa."

Na ja shi har shagon Alhaji Ila. A bakin shagon, a idon mutane, ya sa aka fito da duk rulmar da ta zo tare da waccan. Guda biyar ne. Ni na wanke su, shi ya saurara. Huɗu tsofaffi ne, ɗaya ma da aka cire girisin sai ga tsatsa a cikin ƙwallayenta. Alhaji Ila ya cire hula ya riƙe kai, yana ta salati. Ya rantse a kasuwa ya saye su wurin wani mai tebur da bai ko san sunansa ba.

Baba Sanda ya ce, "Na yarda, Alhaji, ba wanda ya ce ka sani. Wa ka sayar wa kafin mu?"

Ya ce mai injin niƙa na Kornaka ya ɗauki ɗaya makon jiya. Nan take aka sami mai keke aka aika masa kada ya sa, in ya sa ya kashe injin. Alhaji da kansa ya aika aka kawo guduma, shi ya fasa huɗun da hannunsa, ya yayyaga kwalayen ya cusa a murhun mai shayi. Tun daga ranar duk ƙarfen da ya kawo sai ya biyo da shi garajinmu an duba kafin ya hau kanta.

Daga nan Maigida ya ce in kai shi wurin shef, shugaban ma'aikatar ruwa. A hanya na ce ai za a iya cewa piyas ce ta zo da matsala, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ya ce haka ne, amma rabin magana ke nan, ni zan faɗi sauran da bakina. Na faɗa. Shef ya yi faɗa sosai, ya ce ba zan ƙara taɓa injin gwamnati ni kaɗai ba. Baba Sanda ya ce ya yi daidai, shi zai riƙa bi na.

Sai da aka yi kusan wata kafin kaya su iso. Muka ɗauki tsoho a mota, yashi na jijjiga shi, bai yi ƙorafi ba. Tun kafin mu kai muka fara ganin gawarwakin shanu a gefen hanya, sun bushe fata ta manne da ƙashi, duk kawunansu na kallon kudu. Maigida ya tambaye ni warin mene ne, na faɗa masa. A ɗakin injin na wanke sabuwar rulmar da ta zo daga babban birni da hatiminta, na miƙa masa, ya saurara, ya ce in saurara ni ma. Kwana biyu muna aiki, ni hannu shi kunne. Da inji ya tashi ya dafa bakin dogon turnabis ɗinsa a gidan rulmar, ya manna ƙotar a kunnensa, ya daɗe a haka, sannan ya ce ta zauna.

Ruwa ya cika kwami har ya malala ƙasa. Ba saniya ko ɗaya. Daga mai gadin injin sai wasu mata biyu da jakuna. Na ce ko in kashe kada a ɓata gazuwal. Maigida ya ce in bar shi ya ɗan yi, wataƙila akwai na kusa da za su ji. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe zuwa foraj, bai ga damina ta biyu ba ya rasu.

Bayan shekara biyu, ranar kasuwar dabbobi ta Dakoro, ina wucewa na ji an ce, "Makanike." Na waiwaya, Ardo Jodi ne zaune a ƙasa, ya shimfiɗa buhu yana sayar da igiyoyin da ya tuƙa. Da ƙyar na gane shi. Muka gaisa, ya tambayi tsoho, na ce ya rasu, ya yi masa addu'a. Na tsuguna na tambayi garke. Ya ce bakwai suka kai rijiyar, yanzu shanun wani Alhaji ɗansa ke kiwo.

Na ce, "Baba Ardo, akwai abin da ban faɗa maka ba. Abin da na sa a injin nan ba sabo ba ne. An cuce mu, amma da na duba da na gane, kuma ban duba ba."

Ya ɗauki wata igiya yana murza bakinta. Ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Ni ban riƙe ka ba." Ya ajiye igiyar. "Sai dai da ka ce mini ba ka sani ba, da na tahi tun ranar."

Sai ya tambaye ni ko injin na nan yana bugawa, na ce yana nan. Sai fuskarsa ta saki. Ya ce yana da wata saniya, Saye, wadda in aka tada injin da asuba ita ke fara miƙewa tun daga nesa, sauran su biyo ta ba sai an kora ba. Ya ce uwarta Wule ita ma haka take. Daga nan ya shiga kiran sunayensu, wannan ta haifi wannan, wannan ƙahonta ɗaya ya karkace, wannan ba ta yarda kowa ya tatse ta sai matarsa. Wani ya zo yana taya igiya, bai ko dube shi ba. Ina da mota a kwance a garaji, mai ita na jira, amma ban tashi ba. Har aka kira la'asar bai gama kiransu ba.